Yadda kalma ɗaya ta Turanci ta kai Baffanmu gadon asibiti

A wannan mako muna so mu ba ku labarin wata kalma ta Turanci mai harufa biyar kacal, wadda ba ma jin za mu manta da ita muddin muna raye. Kalmar ita ce taper. A jikin wata 'yar takardar asibiti muka fara cin karo da ita, tun kafin a koya mana ita a aji, kuma fassarar da muka yi mata a ranar ta kusa jawo mana rashi a gida.

Mu uku ne, biyu maza ɗaya mace, 'ya'yan wa da ƙani, mun tashi a gida ɗaya a Baturiya cikin Ƙaramar Hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa. Ga wanda bai san garinmu ba, muna zaune ne a fadamar Kogin Haɗeja, inda ruwa ke malala duk damina ya mamaye ƙasa, sannan ya janye da kaka ya bar mana kifi da danshi da ciyawa. Da hunturu tsuntsaye kan taso tun daga Turai su sauka a dajinmu. A shekarar 2008 aka sanya dausayin Baturiya, mai faɗin sama da hekta 100,000, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971.

A lokacin da abin ya faru muna aji uku na ƙaramar sakandare, kuma mu ne 'yan bokon gidan. Duk takardar da ta shigo, mu ake kira: saƙon waya, rasidin taki, rubutun jikin galan ɗin maganin feshi, katin asibiti. Mukan ji daɗin wannan matsayi ƙwarai. Abin da ba mu taɓa yi ba shi ne mu buɗe baki a gaban manya mu ce, "Wannan kalmar ba mu san ta ba." Idan muka tarar da kalma mai wuya sai mu tsallake ta, mu haɗa ma'ana da waɗanda muka sani, mu faɗa da ƙarfin murya. Sau da yawa mukan dace, shi ya sa ba mu ga laifin dabarar ba.

Baffa shi ne babban wan iyayenmu maza, masunci ne tun yana yaro, kuma ya iya saƙar gura, wato tarkon nan na kifi. A wannan shekara gaɓoɓin hannuwansa suka kumbura, har ya kasa jefa birgi, ya kasa tuƙa kwale-kwale. Aka kai shi wani asibiti a Haɗeja, aka ɗora shi a kan wata ƙwaya mai suna firednisolon, wadda a jikin kwali ake rubuta ta prednisolone. Cikin ikon Allah ya ji sauƙi. Bayan ya yi kusan mako bakwai yana sha, ya koma ganin likita a cikin watan Agusta, muna gida hutun ƙarshen shekara. Likita ya yi masa bayani, ya kuma rubuta masa takarda. Sai dai Baffa kunnensa ya yi nauyi, ga hayaniyar layi, bai riƙe bayanin ba. A hanyar dawowa kuma ruwa ya cinye hanya, dole aka ƙarasa da kwale-kwale, takardar ta jiƙe a aljihunsa, duk lambobin da ke ƙasanta suka dame. Layin sama kaɗai ya tsira, ga abin da ke jiki: Taper off over 4 weeks.

Bayan sallar isha'i ya kira mu, ya haska mana tocila.

"To 'yan boko, ku duba min. Me likita ya ce?"

Muka haɗa kai a kan takardar. Off mun san ta, ita ce ta kashe fitila da kashe rediyo. Over 4 weeks kuma muka ce ai sama da mako huɗu ke nan, kamar yadda ake cewa over fifty idan abu ya haura hamsin. Ta farkon ce ta gagare mu. Ɗayanmu ya ce ƙila tape aka so rubutawa. 'Yar uwarmu ta rage murya ta ce mu bari sai da safe a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba. Mu mazan muka harare ta, don muna ganin abin kunya ne a ce 'yan aji uku sun kasa karanta layi ɗaya.

"Baffa, cewa aka yi idan an wuce mako huɗu ana sha, a daina."

"Ai na wuce huɗu tuni," in ji shi. "Alhamdu lillahi, na huta da haɗiyar ƙwaya."

Kwana biyu babu abin da ya faru, har muna jin kanmu. A rana ta uku Baffa ya kasa fita masallaci da asuba. Jiri yake gani idan ya miƙe, jikinsa ya mutu, ga amai, ga ciwon gaɓoɓin ya dawo fiye da da. Inna ta ɗauka zazzaɓin damina ne, ta dafa masa tazargade. Da la'asar ta yi ko kofi ba ya iya riƙewa. Aka shimfiɗa shi a kwale-kwale, aka tsallaka da shi zuwa inda mota ke iya zuwa, mu ma muka bi. A asibiti aka ce jininsa ya yi ƙasa sosai, aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi masa allura, aka mayar da shi kan maganin.

Da gari ya waye, wata ma'aikaciyar jinya ta karɓi jiƙaƙƙiyar takardar daga hannun Inna, ta duba, ta ɗago kai.

"Mama, wa ya karanta muku wannan?"

Inna ba ta ce komai ba, ta dai waiwayo ta dube mu. Ma'aikaciyar ta kira mu gefe, ba ta yi mana tsawa ba. Ta juya bayan takardar ta zana matakala mai sauka, ta ce: "Ƙannena, kalmar da kuka tsallake ita ce umarnin gaba ɗaya. Taper off na nufin a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har a kai ga dainawa. Over ɗin nan kuma tana nufin a tsawon mako huɗu za a yi ragin. Wato wata guda likita ya ba Baba ya sauko daga matakalar nan, ku kuka turo shi daga sama."

Ta kuma bayyana mana dalili, wanda daga baya muka sake samu a darasin Bayoloji. A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar ƙaramar halitta da ake kira adirenal, ita ke samar da wani sinadari mai suna kotisol, wanda ke taimaka wa jiki wajen riƙe bugun jini da sukarin jini da jure wahala. Firednisolon yana yin irin aikin kotisol. Idan mutum ya yi makonni yana sha, sai jiki ya ga ana kawo masa daga waje, ya rage samar da nasa. Idan aka yanke maganin rana ɗaya, na waje ya tafi, na ciki bai farfaɗo ba, sai mutum ya faɗi, wani lokaci har a rasa rai. Shi ya sa ake ragewa sannu a hankali, kuma likita ne ke tsara yadda za a rage, ba mai shan maganin ko ɗan bokon gidansu ba. Ta ƙara mana da cewa wasu daga cikin ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe dangin wannan magani ne, don haka shan su ba da umarnin likita ba haɗari ne, yanke su farat ɗaya ma haɗari ne.

Kwana huɗu Baffa ya yi aka sallame shi. Mun yi ta jiran faɗa, bai yi ba. Wata rana da hantsi ya kira mu gindin tsamiya inda yake gyaran wata tsohuwar gura, ya ce mu maimaita masa abin da ma'aikaciyar ta ce kalmar ke nufi. Muka faɗa. Ya yi shiru, sannan ya juyo mana da bakin gurar.

"Ku leƙa nan. Kun ga daga waje baki a buɗe yake, yana shiga yana tsukewa, yana shiga yana tsukewa, har ya zama iya wucewar kifi ɗaya? Da na saƙa shi ƙarami tun daga waje, babu kifin da zai shiga. Wannan ne abin da Bature yake nufi?"

Muka ce shi ne, Baffa.

"Ashe na san shi tun ba a haifi iyayenku ba. Sunansa ne ban sani ba. Ku kuma kun ga sunan, ba ku tambaya ba."

Da aka koma makaranta, 'yar uwarmu ce ta yi ƙarfin halin kai wa malaminmu na Turanci labarin. Ya ce to yau ita ce darasi. Ya rubuta kalmar a allo, ya fara da furuci: harafin a a nan ana faɗinsa kamar "ei", sannan a haɗe leɓɓa a fitar da p sosai, wato "teipa", kada ta koma "tefa". Daga nan ya ce ma'anarta ta farko a kan siffa take: abu ya fara da kauri ko faɗi a wani gefe, ya tafi yana sirancewa a hankali har zuwa ɗaya gefen. Ya ce abubuwa biyu ne a cikinta, raguwa da kuma sannu-sannu, kuma duk wanda ya ɗauki na farko ya yar da na biyu bai fassara ta ba.

Sai ya ce kowa ya kawo misali daga gidansu, bai yarda da misalin littafi ba. Nan aji ya rikice da ɗaga hannu. Aka ce tarwaɗa, mai faffaɗan kai da jiki mai tafiya yana sirancewa zuwa wutsiya. Aka ce bakin zalɓe. Aka ce ƙahon saniya, da karas, da allura, da turken ɗaure akuya, da jinkar ɗaki, da malafar makiyayi. Mu muka ce kwale-kwale, wanda cikinsa ke da faɗi amma goshinsa da bayansa suke tsukewa don ya tsaga ruwa. Wani ɗan gidan magina ya ce katangar ƙasa, wadda ake fara ta da kauri a gindi a tafi ana rage ta zuwa sama don ta iya ɗaukar nauyin kanta, ya ce tubalin ma da ake gina ta da shi gindinsa ya fi kansa faɗi, haka zankwayen da ke saman soro. Malam ya ce wannan hikima ce ta sa doguwar hasumiyar Burj Khalifa ta Dubai, mai tsayin mita 828 da aka buɗe a 2010, take raguwa yayin da take hawa sama, domin ta tsaya da gindinta kuma iska ba ta samu inda za ta kama ta sosai ba.

Wani ya ce giginya. Malam ya yi dariya ya ce a je a sake kallonta. Gaskiya ne, giginya takan tafi siririya, sai ta yi ciki a can sama, sannan ta sake tsukewa. Wani ya ce kalangu, aka ce shi a tsakiya yake tsukewa, bakunansa biyu kuma a buɗe. Waɗannan kurakurai sun fi amfanar mu a kan amsoshin da suka dace, don su suka nuna mana iyakar kalmar.

Ga bambancin da ya rubuta mana tsakaninta da maƙwabtanta, har yau yana cikin tsohon littafinmu. Thin shi ne siriri, kamar zare ko waya, wanda kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Narrow shi ne matsattse, kamar lungu. Pointed shi ne mai tsini. Sharp shi ne mai kaifi, kamar reza. Abu zai iya zama siriri bai yi taper ba. Zai kuma iya yin taper bai ƙare da tsini ba: bokiti bakinsa ya fi gindinsa faɗi, yana tsukewa a hankali zuwa ƙasa, amma gindin nasa a baje yake. Kishiyarta kuwa ita ce flare, wato abu ya tafi yana buɗewa. Ku ɗauki kakakin da ake busa wa Sarki a fadar Haɗeja: idan kuka bi shi daga faffaɗan bakinsa zuwa inda mabushi ke sa leɓe, taper yake yi, idan kuka bi shi daga wajen mabushi zuwa waje, flare yake yi. Ya danganta da inda mai kallo ya faro.

A Hausa muna da tsukewa, da sirancewa, da ƙanƙancewa, da fiƙewa kamar yadda ake fiƙe fensir ko turke. Kowacce ta ɗauki wani sashe na ma'anar. Idan za ku fassara taper, ku zaɓi wadda ta dace da abin da ake magana a kai, sannan ku ƙara mata "a hankali" ko "kaɗan-kaɗan". Tela ma ya san ta: wandon da ya fara da faɗi a cinya ya tafi yana tsukewa zuwa idon sawu shi Turawa ke kira tapered trousers. Mai aski ya san ta: idan an ce a yi wa mutum taper, ana nufin gashin ya riƙa raguwa daga saman kai zuwa ƙeya da gefen kunne ba tare da an ga layin da aka yanke ba.

Tarihin kalmar ya ba mu mamaki, mu 'yan fadama. A tsohon Turanci na sama da shekara 1,000 da suka wuce, taper sunan kyandir ne, kuma har yau ana kiran dogon siririn kyandir da wannan suna. Da yake irin wannan kyandir gindinsa ya fi kansa kauri, daga baya sai aka ari sunan aka ba duk abin da ke da irin siffarsa. Masana asalin kalmomi da yawa suna ganin ta samo tushe ne daga papyrus, wata ciyawar ruwa da ke fitowa a gaɓar Kogin Nilu, wadda mutanen Masar na da suke yin abin rubutu da ita, ake kuma yin lagwanin kyandir da ɓargonta. Daga sunan wannan ciyawa kalmar paper, wato takarda, ta fito. Ba ita ce kacalar da ta toshe mana hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja da Nguru ba, amma irin wurin da suke so ɗaya ne.

Ma'ana ta biyu, wadda ta kayar da mu, ta fito ne daga ta farko. Idan aka zana yawan wani abu a takarda, aka ga zanen yana sauka a hankali kamar jikin ƙaho, to abin yana taper off. Ruwan sama yana yin haka a ƙarshen damina: ya koma sau biyu a mako, ya koma sau ɗaya, ya koma yayyafi, ya ɗauke. Masu gudun fanfalaki na kilomita 42 sukan rage atisaye a makonni biyu zuwa uku na ƙarshe kafin gasa don jiki ya huta, su ma tapering suke kiran wannan. Masu nazarin Tattalin Arziki a cikinku za su haɗu da ita a labaran bankuna. A 2013 Babban Bankin Amurka yana zuba Dala biliyan 85 duk wata wajen sayen takardun lamuni don tallafa wa tattalin arzikin ƙasar. A watan Mayu na shekarar shugaban bankin na lokacin, Ben Bernanke, ya nuna cewa za a iya fara ragewa, kasuwannin duniya suka girgiza da jin haka kawai. A watan Disamba aka sanar da rage kuɗin zuwa biliyan 75, aka ci gaba da ragewa mataki-mataki har aka rufe shirin a Oktoban 2014. Dalilinsu bai yi nisa da na likitan Baffa ba: abin da aka saba dogara da shi, ba a janye shi dare ɗaya.

Masu darasin Zanen Fasaha da Lissafi kuma, ku sani ana auna taper da lamba. A ɗebe kaurin ƙaramin gefe daga kaurin babban gefe, a raba da tsayi. Misali, turke mai tsayin santimita 40, kaurin kansa santimita 6, kaurin ƙarshensa santimita 2. Shida a ɗebe biyu saura 4, a raba da 40, ya ba da 1 cikin 10. Wato duk santimita 10 da aka tafi, kauri ya ragu da santimita 1. A shekarun 1860 wani Ba'amurke mai suna Stephen Morse ya tsara wani ma'auni na kusan 1 cikin 20 don gindin ƙarfen huda ya shige cikin inji ya kama kansa da kansa, kuma har yau ana amfani da shi a injinan huda da na gyaran ƙarfe da sunan Morse taper. Maƙeran garinmu ba su san sunan Morse ba, amma haka suke ƙera gindin ruwan gatari da na fartanya, ya tafi yana sirancewa, ta yadda duk saran da aka yi ƙara cusa shi yake cikin ƙota.

Saboda jarrabawa, ga yadda ake sa ta a jimla. The canoe tapers at both ends, wato kwale-kwalen yana tsukewa a hankali ta goshi da ta baya. The horn tapers to a point, wato ƙahon yana sirancewa har ya ƙare da tsini. The rain tapered off in October, wato ruwan sama ya yi ta raguwa har ya ɗauke a watan Oktoba. Ku lura, p ɗaya ce r ɗaya ce a tapered da tapering, ba a ninka su. Ku kuma kiyayi 'yan uwanta na kama da wane: tamper ita ce taɓa abin da ba a ce a taɓa ba, kamar mitar wuta ko sakamakon jarrabawa, temper ita ce hali ko fushi, tape kuwa ita ce tef na awo ko na mannewa. Harafi ɗaya ko biyu ne ya raba su da ita, amma ma'anoninsu ko hanya ba su haɗa ba.

Mun san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi su ne 'yan bokon gidajensu, kamar yadda muka kasance. Ku ake miƙo wa takardar magani, da saƙon banki, da umarnin haɗa maganin feshi. Iyayenmu sun yarda da mu, ba su da hanyar gane inda muka karanta da inda muka yi cike. Don haka muke roƙonku abu uku. Na farko, idan kalma ta gagare ku a takardar da ta shafi lafiya ko kuɗi, ku faɗa a fili cewa ba ku san ta ba, ku nemi ƙamus ko malami ko ma'aikacin lafiya. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, mu kam mun ga haka da idonmu. Na biyu, ku yi hattara da ƙananan kalmomi irin su off da over da up, domin idan suka haɗu da wata kalma sukan canja ma'ana, kamar yadda suka yi mana. Na uku, duk sabuwar kalmar da kuka koya, ku nemo mata abu a gidanku ko gonarku ko kasuwarku ku ɗaura ta a jiki. Kalmomi nawa muka haddace don jarrabawa suka zube bayan mako guda, amma wadda muka gani a bakin gura tana nan.

Baffa ya gama rage maganinsa daidai yadda aka tsara masa a karo na biyu. 'Yar uwarmu ce ta zana masa jadawalin a bangon ɗaki da gawayi, tana goge layi ɗaya duk ranar Juma'a. Da aka ba mu hutun tsakiyar zango muka zo gida, muka tarar ruwa ya fara janyewa daga fadama, manoma suna bin danshin da ya bari suna shuka wake, yau nan, jibi can gaba kaɗan. Muka raka Baffa duba gurarsa da sassafe. Ya tsaya ya nuna mana alamar da ruwa ya bari a jikin wata bishiya, layi bisa layi, kowane yana ƙasa da na jiya.

"Me kuka ce sunansa da Turanci?"

Muka faɗa masa. Ya gwada sau biyu, p ɗin ta ƙi fita, ya ce "tefa", muka yi dariya har shi. Sannan ya miƙo mana wata sabuwar takarda da aka ba shi a asibiti, ya ce mu karanta. Akwai kalma ɗaya a ciki da ba mu sani ba, muka ce masa sai mun tambayo.